Martina da Amanar Malam Ya'u

A Fegge, wata unguwa a Anacha, babu mai kiranta Martina. Mama Hausa ake ce mata, tun daga masu keke napep har shugaban Gidan Mishan inda take aiki. Ita kuwa ba Bahaushiya ba ce. Bajju ce uwa da uba, daga wani ƙauye a bayan Zonkwa, kuma duk zaman da ta yi a gida babu Bahaushen da ya taɓa ɗaukar ta tasa. Sai da ta sauko Kudu aka mai da ita Bahaushiya ba tare da an nemi shawararta ba. Da farko takan tsaya ta gyara wa mutane. Da ta gaji sai ta riƙa amsawa.

Fatakwal ta fara sauka, tana da shekara ashirin da uku, ta bi mijinta Japhet da ya samu gadi a wata masana'anta a Trans-Amadi. Shi yana gadi, ita tana dama kunun zaƙi tana kai wa mahauta da dillalan shanu a bakin kwata. A nan Hausarta ta coci ta haɗu da ta Kano. Ta koyi doguwar gaisuwa, ta koyi yadda ake yi wa dattijo magana da yadda ake kashe bakin saurayi mara kunya. Haihuwa huɗu ta yi, ɗaya ce ta tsaya, Stephanie. Suna da shekara goma sha huɗu a can hawan jini ya kayar da Japhet a bakin aiki. Mako uku gawarsa ta yi a mutuware kafin 'yan cocinsu su haɗa ƙarfi a kai shi gida. Ba ta ga aibin haka ba, tunda haka duk mutanenta suke yi.

Ba ta zauna a ƙauye ba, babu abin zama. Ta bi wata ƙanwar mahaifiyarta zuwa Abakpa Nike a Inugu, ta samu shara da wanki a wani ƙaramin asibiti. Shekara takwas tana goge ƙasa tana kallon hannun nas-nas, har ta iya wankin gyambo fiye da wasunsu, ko da yake babu wanda ya ba ta takarda. Da aka ce wani gidan taimako na Kirista a Anacha yana neman mai jin Hausa wadda ba ta da ƙyanƙyami, fastonsu ya ba da sunanta.

Gidan yana da dogon suna na Turanci a jikin allo, amma Hausawan kasuwa Gidan Mishan suke ce masa. Tsohon gida ne mai ɗakin jinya biyu, gado shida, da kicin, da wata tsohuwar bas da sai an tura take tashi idan an yi ruwa. Waɗanda ba su da kowa ake kawowa: tsofaffin da 'ya'yansu suka manta, 'yan dako da jiki ya ƙi, matan da aka tsinta a tasha. Ma'aikata bakwai ne. Albashi yakan zo, yakan kuma ƙi zuwa. Kowace safiya ƙarfe bakwai sukan tsaya a tsakar gida su yi sujada, su roƙi Ubangiji abincin ranar, sannan idan bai zo ta hannun masu baikon coci ba sai ya fito daga gidajensu. Happiness, mai dafa abinci, 'yar wani ƙauye ce kusa da Awka, ta sha zuwa da manjan gidanta a cikin jaka tana cewa wani ne ya aiko. Innocent direba kafinta ne tun asali, kuma babu kujera ko ƙofa a gidan da hannunsa bai taɓa ba.

Suna da wata al'ada guda da suke riƙe da ita fiye da komai. A shekarun farko wani tsoho ya mutu a gidan, ba a samu danginsa ba, aka bar shi ga hukuma. Innocent ya ga yadda aka loda shi a mota tare da wasu gawawwaki aka kai su rami ɗaya. Ya dawo ya kasa cin abinci. Daga ranar ma'aikatan suka yi wa Allah alkawari cewa duk wanda ya ci daga tukunyar gidan ba za a zuba shi a ramin hukuma ba. Idan mutum ya mutu, sai su kai shi mutuware a yi masa allurar da ke hana gawa lalacewa, a ajiye shi mako huɗu ko biyar ana cigiyar dangi. A cikin wannan lokaci kowa ya kawo abin da yake da shi. Innocent ya ƙera akwati, mata su kawo leshin da za a shimfiɗa a ciki, a buga hoton mamacin a manna a bango, a dafa shinkafa, a yi waƙa har bakin kabari. A ƙasar Ibo, binne mutum da gaggawa wulaƙanci ne, kamar an ce ba shi da daraja. Sun binne mutum goma sha ɗaya a haka, kuma Martina ta ba da zannuwanta biyu a ciki.

Musulmi bai taɓa mutuwa a gidan ba. Hausawa sukan kawo nasu a wanke musu ciwo, amma da zarar jiki ya yi tsanani sai su zo su ɗauke shi. Saboda haka maganar yadda ake binne Musulmi ba ta taɓa tasowa a sujadar safe ba.

Malam Ya'u mutumin wajen Gumel ne. Shekara talatin yana sauke buhunan albasa daga manyan motoci a kasuwar bakin kogi. Matarsa ta rasu tuntuni, 'ya'yansa sun watsu, shi kuma ya daina zuwa gida saboda kunyar komawa hannu wofi. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu har ƙuda suka fara bin sa. Alhaji Indabawa, dillalin albasa kuma babban Hausawan wannan layi, shi ya sa aka ɗauko shi a baro aka kawo shi. Ya ce wa Martina ga ɗan'uwansu nan, a rumfa yake kwana, babu macen da za ta kula da shi. Ta karɓi lambar Alhaji ta sa a wayarta.

Kwana biyu Ya'u bai taɓa miya ba. Martina ta gane, ta je wajen shugaban gidan ta ce daga yau naman gidan a wajen mahauta Hausawa za a riƙa saye, ko kuma a daina sa nama. Babu wanda ya yi musu. Innocent ya ƙera masa 'yar kujera ta alwala, ya juya masa gado yadda zai fuskanci gabas ba sai ya sauko ba. Happiness ba ta jin Hausa, shi kuma Turancin burokarsa bai wuce na ciniki ba, amma kullum sai ta zauna a gefensa ta ba shi labarin 'ya'yanta yana gyaɗa kai. Papa take ce masa. Da azumi ta koyi dama kunun tsamiya saboda shi, ya yi ruwa tsululu, ya shanye tas.

Da Martina kuwa faɗa suke yi, safe da yamma.

“'Yar Zonkwa, wannan tuwo ne ko siminti?”

“Ci ka yi shiru, Baba. Da siminti ne da na shafe maka ƙafar nan da shi na huta.”

Yakan ce Hausarta ta wa'azi ce, ko barkono za ta saya sai ta yi kamar tana kan bagaden coci. Ita kuma ta ce shekara talatin a Anacha ko sannu bai iya da Ibo ba, albasa ma ta fi shi saurin sabo da gari. Tana faɗin haka tana matse masa mugunya, shi yana riƙe da ƙarfen gado.

Yana da wata biyar a gidan aka yi jana'izar wata tsohuwa da ta rasu a ɗakin mata. Ya'u yana zaune a baranda aka shigo da akwatin, ana waƙa, Happiness na kuka. Da mutane suka watse ya tambayi Martina, ba wannan ce matar da ta rasu tun kafin salla ba? Ta ce ita ce. Ya ce to ina take duk kwanakin nan? Ta gaya masa, ba ta rage komai ba, har allurar da akwatin ƙarfe mai sanyi. Ranar bai yi ƙorafin tuwo ba. Da ta zo canza masa bandeji da la'asar, ya riƙe mata hannu, abin da bai taɓa yi ba.

“In na mutu a gidan nan, kada ki bari a sa ni a firjin nan. Ko kwana ɗaya. Ki kira Alhaji su zo su yi mini wanka, su sa ni a ƙasa kafin rana ta faɗi. Ba ni da wanda zan bar wa wannan sai ke.”

“Kai da kake cinye tuwon mutum biyu, wace mutuwa kuma?”

“Ba wasa nake yi ba. Amana na ba ki.”

“Na karɓa, Baba.”

Ta karɓa, amma ba ta gaya wa kowa ba. Ranar dai ta ga bai dace ba, mutane sun yi mako biyar suna wahala a kan tsohuwar nan, a ce musu wani yana tsoron irin karamcinsu. Washegari aiki ya sha kanta. Bayan haka kuma sai ta ga babu buƙata, tunda kullum tana nan. Shekara huɗu rabonta da hutu. Gaskiyar magana, Martina ta saba duk abin da ya shafi Hausawa nata ne ita kaɗai. Ita ce mai fassara, ita ce mai zuwa kasuwa, ita ce mai lambar Alhaji. Babu abin da ta mallaka a duniya sai wannan, kuma ba ta taɓa koya wa kowa ko kaɗan daga ciki ba.

Da damina ta yi nisa aka bugo mata daga Inugu cewa haihuwar Stephanie ta zo da gardama, za a yi mata aiki. Haihuwar fari ce. A lokacin ƙafar Ya'u ta fara kamewa, har yana takawa da sanda zuwa bakin ƙofa. Ta je ta gaya masa za ta yi kwana huɗu. Ya ce ta tafi, ko ya huta da siminti, ta kuma gaishe da mai jego. Ranar Alhamis ta shiga mota.

Ranar Juma'a da safe Happiness ta kai masa shayi ya sha. Da ta koma ɗaukar kofi ta tarar ya jingina da bango, ya cika.

Ma'aikatan suka taru a tsakar gida suka yi addu'a. Sannan suka yanke shawara biyu, kuma dukansu da zuciya ɗaya suka yanke su. Ta farko, kada a kira Mama Hausa. Matar da ba ta huta ba shekara huɗu, 'yarta na kwance da ɗinki a ciki, ba za a tayar mata da hankali ba a kan abin da za su iya yi da kansu. Ta biyu, kada a sanar da Hausawan kasuwa tukuna. Innocent ya ce a gama shiri, a buga kati, sannan a je a gayyace su kamar yadda ake gayyatar dangi, su zo su ga ba a raina ɗan'uwansu ba don baƙo ne ko don addininsa daban. Kafin azahar sun kai shi mutuware. Innocent ya sa hannu a takarda.

Martina ta dawo ranar Litinin da hantsi, jakarta cike da kayan jego da aka ba ta, ƙafafunta a kumbure saboda zaman asibiti. Tun daga bakin ƙofa ta ji warin fenti. A tsakar gida ga akwati a kan benci biyu, Innocent na goga masa mai, katako ne mai kyau, irin wanda bai taɓa sa wa kowa ba. A bango ga hoton Ya'u da hularsa, wanda aka ɗauka ranar salla.

Happiness ta fito da gudu ta rungume ta, ta tambayi mai jego da jariri, sannan ta fashe da kuka ta ce Papa ya tafi. Kafin Martina ta buɗe baki ta ja ta ɗaki ta buɗe wata leda. Farin leshi ne, wanda ta ajiye shekara biyu don auren babbar 'yarta. Ta ce shi za a shimfiɗa masa.

Martina ta ajiye jaka ta zauna a kan gadon da aka yaye wa zani. Ba ta ɗaga murya ba. Da buroka ta tambaya yaushe ne. Aka ce Juma'a. Ta ce yana ina. Aka gaya mata. Ta ce an yi masa allura? Innocent da ya biyo su ya amsa da ɗan alfahari cewa tun ranar aka yi, shi da kansa ya tsaya a kan mai allurar, don kada a yi masa aikin ganin dama.

Ta daɗe tana kallon leshin. Sannan ta gaya musu abin da Ya'u ya roƙe ta, da yadda Musulmi suke yi: wanka, farin ƙyalle, salla, ƙasa, duk a rana ɗaya, babu akwati, babu jira. Ta ce abin da suka yi masa shi ne abu ɗaya da ya roƙa kada a yi. Happiness ta zauna a ƙasa. Innocent ya ce me ya sa ba ta taɓa faɗa musu ba? Martina ta ce wannan tambayar akwai wanda zai yi mata ita yau, ya bari ta je can ta amsa gaba ɗaya.

Ba ta buga waya ba. Irin wannan ba a faɗa a waya. Ta hau keke zuwa kasuwar bakin kogi, ta ratsa taɓo da ɓawon albasa har rumfar Alhaji Indabawa. Yana zaune a kan tabarma da wasu dattawa uku, samari na sauke kaya daga mota. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi gajiya, da aiki, da ruwa, da mutanen gida, ya ce ya ji 'yarta ta sauka, Allah ya raya. Sauran dattawan ma kowa ya yi tasa. Ta amsa duka ɗaya bayan ɗaya, maganar na bakinta, don ba a yanke wa manya gaisuwa. Sai da Alhaji ya ce yaya mai jiki, sannan ta ce, ranka ya daɗe, abin da ya kawo ta ke nan.

Suka yi salati. Alhaji ya fara laluben takalmi yana cewa a kira Malam Imrana mai wankan gawa, a ga ko za a samu azahar. Martina ta ce ya dakata, ba yau ba ne. Ta faɗi komai a jere. Ba ta ce ba ta nan don ta wanke kanta ba, ta faɗa ne tunda haka aka yi.

Samarin suka bar buhuna suka matso. Wani ya ce daman an faɗa, Mishan ba ta ciyar da mutum a banza, sun riƙe gawar ne su binne ta a cocinsu. Wani ya ce a tafi can yanzu. Alhaji ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba, suka yi shiru.

“Kwana nawa ke nan?”

“Uku, Alhaji. Yau na huɗu.”

“Shi marigayin ya taɓa yi miki maganar nan?”

“Ya yi. Amana ya ba ni.”

“Ke kuma kin gaya wa wa?”

Martina ta sunkuyar da kai. Alhaji ya juya ga samarin ya ce watanni bakwai Ya'u ya yi a gidan nan, su nawa ne a cikinsu suka je duba shi? Shi kansa sau nawa ya je? Ya ce wanda yake son faɗa ya ajiye ƙarfinsa, akwai haƙan kabari. Ga Martina kuwa ya ce, mu je.

Karɓo gawar ya ci rabin yini. Mai mutuware ya ce sai wanda ya sa hannu ya zo, sai kuma takarda daga shugaban gidan, shi kuma yana taro a Awka. Innocent ya tuƙa bas ya je ya same shi ya dawo. Martina tana tsaye a rana tsakanin mutanen biyu, tana juya Hausa zuwa buroka, buroka zuwa Hausa, tana zubar da abin da bai kamata ya ƙetare ba. Innocent ya roƙe ta ta tambayi Alhaji ko za a yarda a ɗauke shi a akwatin ko da zuwa bakin maƙabarta ne kawai, kwana uku ya yi yana aikinsa. Ta tambaya. Alhaji ya ce a yi masa godiya, amma makara ce tasu. Innocent ya juya baya ya daɗe yana goge gilashin bas da bai yi datti ba.

Happiness ba ta tambayi kowa ba. Ta ji Martina ta ce farin ƙyalle mara ado, sai ta hau keke ta shiga babbar kasuwa, ta dawo da farin yadi a naɗe, ta tsaya nesa da mazan tana riƙe da shi a ƙirji. Martina ta karɓa ta kai wa Alhaji, ta ce daga matar da take ba shi shayi ne. Dattawan suka dubi juna. Malam Imrana ya warware yadin, ya murza shi da yatsa, ya ce babu laifi, zai isa. Da shi aka yi likkafani.

A bayan masallacin kasuwa aka yi wankan. Sai da aka jira jikin ya saki daga sanyi, kuma bai saki duka ba. Martina da Happiness suna zaune a kan wani benci a ƙetaren titi. Da Malam Imrana ya fito idanunsa sun yi ja saboda warin maganin, ya ce wa Alhaji a hankali akwai yanka a wuya inda aka zura allurar, ya rufe shi da auduga. Martina ta ji. Happiness ta tambaye ta me ya ce. Ta ce ya ce sun gama.

Bayan la'asar aka yi masa salla. Innocent ne ya kai su maƙabarta a bas ɗin Mishan, ya tsaya a waje har suka fito. Mata ba sa zuwa, saboda haka Martina ba ta ga inda aka sa shi ba. Ta koma gida ta cire hoton daga bango, ta wanke wa sauran marasa lafiya ciwonsu, don tun safe babu wanda ya taɓa su.

Washegari a sujadar safe ta tsaya a gaban kowa ta ce laifin nata ne. Ta yi musu bayanin komai dalla-dalla, ta rubuta lambar Alhaji da ta Malam Imrana da gawayi a bangon kicin, daga baya Innocent ya bi da fenti. Shugaban gidan ya yi addu'a ya roƙi gafara a madadin kowa. Happiness ta yi mako guda ba ta yi wa Martina magana ba sai ta aiki, sannan ta huce. Akwatin ya yi wata biyu a sito, aka sa wani tsoho ɗan Abakaliki a ciki.

Alhaji Indabawa bai daina gaisawa da ita ba, kuma bai taɓa sake tayar da maganar ba. Buhun albasa da yake aikowa gidan ma bai fasa ba. Amma wata takwas Hausawa ba su kawo mara lafiya ko ɗaya ba. Ta ji labarin wani mai gyaran takalmi da ya mutu a rumfa da gyambon da ta san za ta iya wankewa. Da suka sake kawo wani, Alhaji da kansa ya rako shi, ya gaisa, sannan ya tambaye ta ko tana da shirin tafiya a kwanakin nan. Ta ce babu.

Tun daga ranar, muddin akwai Musulmi a ɗaya daga cikin gadajen nan shida, Martina ba ta barin Anacha. Ma'aikatan sun san abin yi yanzu, lambobin na nan a bango, Innocent ya sha ce mata ta tafi ta huta, shi zai tsaya. Takan ce ta ji. Ta yi wa Ya'u addu'a irin tata sau da yawa, ta kuma roƙi Ubangiji ya sauke mata nauyin, amma har yanzu idan ta ɗauki jaka sai ta ajiye.

Shekararta sittin yanzu, gwiwoyinta sun fara ƙin matakala. Jikanta ya shiga shekara ta uku, sau biyu kawai ta ƙara ganinsa, duka biyun Stephanie ce ta kawo shi. Daga Anacha zuwa Inugu tafiyar 'yan sa'o'i ce. A makon jiya Stephanie ta bugo ta ce za su yi godiya a coci ƙarshen wata, mijinta ya samu aiki, ko Mama za ta zo ko da kwana ɗaya ne. Martina tana tsaye a ƙofar ɗakin mata, tana kallon gado na biyu inda wata tsohuwa mai sayar da daddawa, mutuniyar Haɗeja, take kwance da numfashi sama-sama. Ta ce bari a ga yadda watan zai kasance. Stephanie ta ce to, Mama, ba ta ƙara roƙo ba. Martina ta sa wayar a aljihu ta je ɗebo ruwan zafi.